Amsa ga 'yar'uwar da kwalin digirinta na shari'a ke ajiye a akwati

Assalamu alaikum, 'yar'uwa. Na ga tambayarki tun jiya da daddare, amma na dakata har sai da na samu natsuwa, domin abin da kika kawo ya taɓa ni ƙwarai. Kin ce kin kammala digirin shari'a shekara 11 da suka wuce, aure da haihuwa suka biyo baya, yanzu kina da 'ya'ya uku, autar ta fara zuwa makaranta, kuma ba ki taɓa aiki da kwalin ba ko na yini guda. Kin ce ba ki jin za ki iya zaman kotu, kina neman wata hanyar da za ki kama, amma kina tsoron lokaci ya riga ya wuce ki. Ni ma shekara 9 kwalina ya yi a ƙasan akwati, tare da takardun haihuwar yara da katunan rigakafinsu, saboda haka zan faɗa miki abin da na gani da idona.

Akwai abu guda da ba ki bayyana ba, alhali shi ne zai raba miki hanya gida biyu: shin bayan jami'a kin je Makarantar Horas da Lauyoyi, an rantsar da ke, ko kuwa a digirin kika tsaya? A Najeriya digirin shekara biyar ɗin nan shi kaɗai ba ya mai da mutum lauya. Sai ya yi kusan shekara guda a waccan makarantar, ya ci jarrabawar ƙarshe, an rantsar da shi, sunansa ya shiga kundin lauyoyi da ke Kotun Ƙoli. Wanda bai kai nan ba, Dokar Aikin Lauya ta 1975 ta hana shi kiran kansa lauya, ta hana shi tsayawa wa wani a kotu a matsayin lauya, ta kuma hana shi karɓar kuɗi don rubuta takardar cinikin fili ko gida. Na san mata da dama da suka yi ta wahalar neman aiki ba tare da sun lura cewa wannan gibin ne yake sa a ajiye takardunsu a gefe ba.

Idan ba ki je ba, kuma akwai hali, shawarata ita ce ki je, ko da ba ki da niyyar sanya baƙar riga ki tsaya gaban alƙali. Hedikwatar makarantar tana Bwari a Abuja, tana da rassa a Legas, Inugu, Yola, Yenagoa, Fatakwal da kuma Bagauda a Jihar Kano, inda ni na yi nawa ina ɗauke da cikin ɗana na fari. Ta tsangayar da kika gama ake bi wajen neman gurbi, don haka can za ki fara zuwa da ƙafarki, ki ga shugaban tsangaya, ki ji yadda ake yi da tsofaffin ɗalibai. Shekara ce mai nauyi, ga kuɗin makaranta ga karatu safe da yamma, kuma ba a yin ta sai an samu wanda zai riƙe yara da zuciya ɗaya. Wata ƙawata ta yi tata tana da shekara 38, mahaifiyarta ta tare a gidanta har ta gama. Batun hijabi ma, wanda ya kan sa wasu 'yan'uwa fargaba, an warware shi tun bayan abin da ya faru da Firdaus Amasa, wadda aka hana rantsarwa a Disambar 2017 saboda ta ƙi cire nata, aka kuma rantsar da ita da shi a 2018.

Idan kuwa an riga an rantsar da ke, to sunanki yana nan a kundi, zaman gida bai goge shi ba. Abin da ya rage shi ne kuɗin izinin aikin lauya na shekara-shekara, wanda ake biya kafin ranar 31 ga Maris, da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa, wato NBA, da ake mannawa a kan takardun da lauya ya rubuta. Ki je reshen ƙungiyar na garinku ki tambayi yadda za ki daidaita shekarun da suka wuce. Sai dai ki sani cewa wani ɓangare na abin da kika haddace ya canza. Dokar kamfanoni ta 1990 da muka karanta an maye gurbinta da ta 2020, an yi sabuwar dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka a 2015, ga dokar sasanci da ta kare bayanan jama'a duk a 2023. Dole ki sake zama ki karanta kamar ɗaliba.

Ni kuskuren da na fara yi shi ne ɗaukar cewa lauya ba shi da wurin aiki sai kotu. Na shiga wani ofishin lauyoyi a matsayin ƙaramar ma'aikaciya, tare da yaran da na girme su da shekara 10, a kan albashin da kuɗin Keke Napep da abincin rana ke cinye mafi yawansa. Ba zan manta wata Laraba ba. Na sauke yara a makaranta da ƙarfe 7:30, na isa kotu kafin 9:00, shari'armu tana can ƙasa a jerin na ranar. Na zauna a benci da fayil a cinya har bayan azahar, sannan aka kira mu, cikin minti uku aka ɗage saboda lauyan ɗaya ɓangaren bai zo ba. Da na kunna waya na tarar da kira bakwai daga makarantar yara. Na iske ɗana na biyu zaune a kan dakalin maigadi shi kaɗai, ya rungume jakarsa, hawaye sun bushe a kumatunsa, bai ce da ni komai ba har muka isa gida. Wata takwas na yi na bari. Akwai iyaye mata da suke yin wannan aikin kuma suna yin sa da kyau, ina girmama su matuƙa, amma yawancinsu suna da wani babba a gida da ke tsaye a kan yara. Ni ba ni da shi a lokacin, kuma lokacin lauyan kotu ba a hannunsa yake ba.

Hanyar da na kama daga baya wata maƙwabciyata ce ta nuna mini ita ba tare da ta sani ba. Mijinta ya rasu, ta fita takaba ke nan, sai ta shigo gidana da wata leda cike da takardu, ta ce dangin mamacin sun kawo mata wata takarda da Turanci ta dangwala yatsa, wai don a sauƙaƙa rabon gado. Muka baje takardun a kan tabarma. Wadda ake so ta dangwala wa yatsa tana cewa ne ta yafe duk wani haƙƙi da take da shi a gidan da take ciki. Na fassara mata layi-layi, na tuna mata cewa matar da mijinta ya bar 'ya'ya tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas na gadon, kuma ragowar sadakinta da ba a biya ba bashi ne da ake fitarwa kafin a raba komai. Ba ta sa hannu ba, aka kai maganar gaban alƙali, aka raba bisa ƙa'ida. A daren ranar na gane cewa abin da jami'a ta koya mini, wato karanta takarda a tsanake har in ga inda tarkon yake, abu ne da ya yi ƙaranci a unguwarmu, musamman a cikin gidaje, inda mace ba za ta iya buɗe wa lauya namiji cikinta ba.

Daga nan na shiga aikin rajistar kasuwanci, kuma shi ne har yau yake riƙe da ni. Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ta mayar da kusan dukkan ayyukanta intanet, saboda haka da kwamfuta da waya a ɗakina nake yi, tsakanin ƙarfe 8:00 na safe da lokacin tashin yara daga makaranta. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani shi kaɗai, abin da a da sai an kai mutum biyu, wannan ya sa masu ƙananan sana'o'i da yawa suka fara nema. Abokan hulɗata na farko mata ne masu turaren wuta da humra da masu dafa abincin biki, waɗanda banki ya ce ba zai buɗe musu asusun kasuwanci ba sai da shaidar rajista. A 2024, da aka buƙaci masu POS su yi rajista, aiki ya yi mini yawa har na ɗauki mataimakiya. Gaskiya ne cewa kowa na iya shiga shafin hukumar ya yi wa kansa rajistar suna, kuma masu shagunan intanet suna karya farashi, don haka wanda ya tsaya a nan kaɗai ba zai samu abin kirki ba. Inda ilimin shari'a ke fitowa shi ne abin da ke biyo baya: rahoton shekara-shekara da mutane ke mantawa har tara ta taru musu, sauya daraktoci, rajistar amintattu, wato masu riƙe amanar ƙungiya a hukumance, ga makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin unguwa, da yarjejeniyar haɗin gwiwa tsakanin 'yan'uwan da suka haɗa jari bisa amana ba tare da rubutu ba. Samun izinin zama wakilin hukumar yana buƙatar zama lauya ko akanta ko sakataren kamfani mai shaida, wannan ma wani dalili ne na zuwa makarantar lauyoyi.

Hanya ta biyu da na fi so a raina ita ce sulhu. Babbar Kotun Jihar Kano ta buɗe cibiyar sasanci a 2009, bayan ta Legas da aka fara a 2002, kuma dokar sasanci ta 2023 ta ƙara wa yarjejeniyar da aka cimma ta hanyar sasanci ƙarfi. Wannan aikin ba sai lauyan da aka rantsar ba, horo na musamman ake yi a samu shaida, kuma zama ne da ake sa masa rana da lokaci. Shekarun da kike ganin kin ɓata a gida a nan suke da daraja, domin matar da ta yi shekara 11 tana zaman aure, tana hulɗa da surukai da maƙwabta, ta fi sabuwar lauya gane abin da ba a faɗa ba a rikicin gado ko na riƙon 'ya'ya. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, kuɗinsa ba ya zuwa da wuri, kuma da yawa daga cikinsa a farko don Allah za ki yi.

Aikin albashi ma yana nan, amma shi zan taƙaita. Idan digirinki ya haɗa da shari'ar Musulunci, kamar yadda ake yi a Bayero da Ahmadu Bello, bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa irin su Jaiz, da ya fara aiki a 2012, da TAJ suna buƙatar masu duba ko yarjejeniyoyinsu sun dace da shari'a. Dokar kare bayanai ta wajabta wa manyan hukumomi da kamfanoni naɗa jami'in da zai kula da wannan fannin, kuma fanni ne sabo da kowa ke koyo yanzu, babu wanda ya riga ki da nisa. Akwai koyarwa a kwalejojin shari'a da addinin Musulunci kamar ta Aminu Kano a Kano ko ta Muhammad Goni a Maiduguri, jami'a kuwa sai da digiri na biyu. Matsalar ita ce tallace-tallacen ɗaukar sababbin ma'aikata, musamman na bankuna, sukan sa iyakar shekaru, kuma za a tambaye ki abin da kika yi a shekarun nan. Abin da ya cike mini wannan gibin shi ne aikin sa-kai na wata shida da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, inda na samu abin rubutawa a takardar neman aiki, na kuma san mutanen da suka riƙa turo mini aiki daga baya.

Ina roƙonki kada ki fara da sayen kwasa-kwasai. Na ga 'yan'uwa da suka tara takardun shaida huɗu ko biyar, kowace da kuɗinta, don kawai su ji sun cancanta, har yau ba su karɓi aiki ko ɗaya ba. Kafin ki kashe ko sisi, ki ɗauki takarda ki rubuta sa'o'in da kike da su a zahiri cikin mako, ki cire ranakun da yaro zai tashi da zazzaɓi da makonnin hutun makaranta. Sannan ki zauna da maigida ku yi magana a fili: wa zai ɗauko yara ranar da kika makara, ina za ki riƙa ganawa da masu kawo aiki idan maza ne, kuma wata nawa gidan zai iya jurewa kafin aikin ya fara kawo wani abu. Ni sai da na yi kusan shekara guda kafin abin da nake samu ya wuce kuɗin data da man janareta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma amincewar da aka bayar da baki kawai, ba a tsara yadda za a yi ba, takan rushe a ranar farko da aka dawo gida ba a tarar da abinci ba.

Idan kuma bayan duk wannan kika ga zuciyarki ba ta tare da shari'a kwata-kwata, kika fi son buɗe makarantar yara ko shiga kasuwanci, babu laifi a ciki, kuma ba ki ci amanar iyayen da suka biya miki karatu ba. Abin lura kawai shi ne ƙa'idojin aikin lauya sun hana mutum ya riƙa aikin lauya alhali shi da kansa yana saye da sayarwa, saboda haka idan kasuwanci kika zaɓa, sai ki ajiye hatimin.

Ki sanar da mu ko an rantsar da ke, da garin da kike, da kuma ko digirin naki ya haɗa da shari'ar Musulunci. Idan a Kano kike, ki zo da kwalin da takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, mu zauna wata safiya bayan an kai yara makaranta, in buɗe miki kwamfuta ki ga yadda ake shigar da rajista guda daga farko har ƙarshe. Allah Ya yi miki jagora, Ya raya zuri'a.