Riƙe kuɗin fitilarka tukuna

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce bak ɗinka, wato akwatin gilashin da kake kiwon halittun teku a ciki, na lita 200 ne, wata huɗu ke nan da ka zuba masa ruwan gishiri, ka saka rassa uku na murjanin da ake kira Acropora, ga shi kwana goma ɗaya daga cikinsu ya fara fari daga gindi yana hawa sama, kuma kana neman a nuna maka fitilar da ta fi taka ƙarfi. Riƙe kuɗinka. Shekarata ta shida ke nan ina fama da murjani a nan Yamai, na kashe da yawa, amma ban tuna guda da ƙarancin haske ya kashe mini ba.

Da farko haska tocila da dare ka duba wurin da ya yi farin, domin farin iri biyu ne. Murjani dabba ne, naman jikinsa siriri ne shimfiɗe a kan ƙashi, kuma cikin naman akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka da ake kira zooxanthellae, su ke ba shi launi da mafi yawan abincinsa. In zafi ya yi yawa sai ya kore su, ya koɗe, amma naman yana nan, za ka ga ƴan bakunansa suna leƙowa. Wannan yana iya farfaɗowa. In kuwa naman ne ya saɓule ya bar ƙashi tsirara, wurin ya mutu ke nan, nan da ƴan kwanaki gansakuka za ta rufe shi. Yadda ka kwatanta naka, daga gindi a hankali, ya fi kama da na biyun. Kada ka jira. Sa filaya ka karya reshen sama da iyakar farin da kamar santimita 1, cikin lafiyayyen nama, ka manna shi a kan dutse mai tsabta da super glue mai kauri, ka ajiye shi inda ruwa ke kaɗawa. Gindin ka jefar.

Abin da ban gani ba a tambayarka shi ne KH, wato awon kabonet da ke cikin ruwa, wanda ake ƙirgawa digo-digo, kuma nan nake zargi. Murjani mai rassa yana gina ƙashinsa da kalsiyom da kabonet da yake zuƙa daga ruwa. Duk digo 1 na KH da ya sha, kalsiyom kamar miligiram 7 kawai yake ragewa daga cikin 420 da ke kowace lita ta ruwan. Shi ya sa za ka auna kalsiyom ka ga lafiya lau, alhali KH ya faɗo daga 8 zuwa 6 cikin mako. Sai mutum ya firgita ya zuba magani da yawa lokaci guda, ya koma 9 a dare ɗaya. Wannan hawa da saukar ita ke saɓule naman. Tsakanin 7 da 9 duk murjani yana rayuwa. Zaɓi lamba ɗaya ka zauna a kanta. Ni a 8 nake. Ka auna kullum a lokaci ɗaya har kwana bakwai, ka rubuta a littafi, sai ka san abin da bak ɗinka ke sha a rana, ka riƙa mayar masa da shi kaɗan-kaɗan, safe da yamma. Bikarbonat na farmasi ya isa: giram 3 a lita 100 yana ɗaga KH da digo 1. Kuma kada ka lissafa da lita 200, duwatsu da yashi sun cinye wani wurin. Gyaran kada ya wuce rabin digo a yini. Manyeziyom ka riƙe shi wajen 1300, in ya yi ƙasa sauran biyun ba sa zama.

Wani ya taɓa tambayata ko kanwa za ta yi, tunda ita ma dangin soda ce. A tukunyar wake dai. Ba ka san me ke cikinta ba banda sodar, kuma wannan ƙullin ba ɗaya yake da wancan ba.

Sai babbar matsalarmu, wadda masu bidiyon Faransa ba sa magana a kanta saboda su ɗumama ruwa suke yi. Murjanin nan digiri 25 zuwa 26 yake so. Daga 29 ya fara wahala, in ya kwana biyu sama da 30 sai abin da Allah ya yi. Mu kuwa Afrilu da Mayu ka san yadda gari yake, 43 a inuwa ba labari ba ne, kuma a lokacin ne kuran ya fi ɗaukewa. Shekarata ta biyu na tafi biki Tawa kwana uku cikin bazara. Kilim tana kunne, na bar wa yaron gida abincin kifi, hankalina kwance. Kuran ya tafi da rana, da ya dawo kilim ba ta tashi da kanta ba. Ina buɗe ƙofar falo wari ya gaya mini komai. Ma'aunin zafi yana kan 33, ruwa ya yi fari kamar an dama kunu. Wahalar wata goma sha huɗu ta tafi, in ban da wani ɗan guntun murjanin Montipora da ke can ƙasa.

Tun daga nan na sake lissafi. Kuɗin da kake son kai wa fitila, ka kai shi nan: bateri da pano wanda zai riƙe famfon kaɗa ruwa da ƙaramar fanka ko da babu kuran. Fitila tana iya yini biyu a kashe ba abin da zai faru, amma ruwa in ya tsaya cak cikin zafi, iskar da ke cikinsa ƙarewa take cikin ƴan awoyi. Fanka mai hura saman ruwa tana sauke digiri 2 ko 3 a busasshiyar iskarmu, da damina aikinta yana raguwa. In da hali ka sayi injin sanyaya ruwa. Kullum ina da gorunan roba huɗu da ƙanƙara a firiza, rufe ruf, na jefawa ciki ranar da abu ya ɓaci. Ƙanƙarar leda ta bakin titi kada ta taɓa ruwanka.

Fankar tana da nata haraji. Ruwa yana tashi, gishiri yana zama. Da hunturu bak ɗina yakan sha lita 4 ko 5 a yini, kuma in ka bari sai ranar Lahadi ka cika, gishirin ya hau ya sauko, wani canjin ke nan. Ka riƙe shi a 1.025 a ma'aunin gishiri, ka cika kullum da ruwa marar gishiri, wanda ya bi ta injin tace ruwa na osmos. Ruwan famfonmu daga kogi yake, ana sa masa kulorin, kuma na damina da na rani ba ɗaya ba ne; na sha ne, ba na murjani ba. Duk wani mahaɗin tiyo na jan ƙarfe ko tagulla ka raba shi da ruwan, guba ne gare su. Maganin sauro na fesawa ma haka: kada a fesa a ɗakin da bak yake. Ka zauna da uwargida ka yi mata bayani, ni sai da muka yi ƴar doguwar magana a kan turaren wuta.

Fitilar taka in LED ce ta ruwan teku, bar ta yadda take, awa 8 zuwa 10. Sabon reshe a ƙasa ake fara sa shi, a ɗaga shi a hankali cikin makonni.

Gaskiyar da ba za ta yi maka daɗi ba: wata huɗu ya yi kaɗan ga Acropora. Ban ba kowa shawarar sa shi kafin bak ya yi shekara, ya ga bazara ɗaya ya tsallake. Fara da Montipora digitata ko Stylophora, su ma rassa suke yi, kuma sun fi haƙuri da kuskure. Ka tuna Acropora ba a gaɓar Kwatano ko Lome yake fitowa ba, daga can Indonesiya da Ostareliya ake kawo irinsa, kuma duk murjani mai ƙashi yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta cinikin halittun da ake karewa, sai da takarda yake tsallaka iyaka. Abin da ya sha wannan tafiyar, musanya tsakaninmu ta fi masa sauƙi.

Guntun nan da ya tsira a bazarar can yanzu ya kai girman ƙwarya, har sai na riƙa rage shi. Turo mini awon KH da na zafi na kwana bakwai, zafin ka ɗauka da asuba da kuma ƙarfe huɗu na yamma. In lambobin sun zauna, zo unguwar Yantala da kula ka karɓi reshe biyu.