Ɓauren Rana: Yadda Zabibi Ya Ci Sunan Ɓaure a Cornwall

Tambaya: Malam, ɗana yana karatu a Cornwall, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila. An ba shi wani gashin fulawa mai suna figgy hobbin, ya ce fig ɓaure ne, amma da ya gutsura sai zabibi ya tarar a ciki. Cutarsa aka yi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Hajiya, ba wanda ya cuce shi. A bakin mutanen yankin, zabibi, wato busasshen inabi, shi ake kira figs, kuma akwai irin wannan a harshensu na gado, Kernewek, ɗan'uwan harshen Wales da na Brittany ta Faransa.

A ƙamus ɗin Kernewek da Robert Williams ya buga a 1865, zabibi shi ne figes an houl, ɓauren rana ke nan. Houl, da yau ake rubutawa howl, rana ce. Kalma ce ta gida, a Wales haul suke cewa, a Brittany heol. Figes kuwa baƙuwa ce, aro ce da ta biyo ta Turanci da Faransanci, asalinta ficus na Latin. An jingina sunan ga rana domin a rana ake shanya inabin har ya yamushe, zaƙinsa ya taru.

Abin da ya fi burge ni shi ne makomar ɓauren kansa. Da zabibi ya mamaye sunan, sai ya zama dole a yi wa mai sunan ƙarin bayani, aka ce figes ledan, ɓaure mai faɗi, don busasshensa a danne yake zuwa, a baje. Baƙo ya kori mai gida zuwa zaure. A ganina dalilin bai wuce kasuwa ba: duka biyun a bushe suke isowa ta jirgin ruwa daga ƙasashe masu zafi, wanda aka fi sa wa a girki shi ya riƙe sunan.

Mu ba mu faɗa wannan ruɗani ba, don ɓaure a bayan gida yake tsirowa, sunansa namu ne. Inabi da zabibi ne muka aro daga Larabci. Ki ce wa yaron ya ci abinsa.