Daga Ina Kalmar Rediyo Ta Samo Asali?

Tambaya: Malam, a nan Maraɗi muna cewa "radiyo", 'yan'uwanmu na Kano kuwa suna cewa "rediyo". Mene ne ma'anar kalmar, kuma wanne ne daidai?

Amsa: Malam, duka biyun aro ne, kuma tushensu ɗaya, wato kalmar Latin "radius", wadda Rumawa suke kiran tsirkiyar hasken rana da ita, haka kuma sandunan ƙafar keken doki waɗanda suke tashi daga cibiya su nufi baki. Wanda ya taɓa tsayawa wurin mai gyaran keke yana kallon yadda wayoyin ƙafa suke bazuwa daga tsakiya zuwa kowace kusurwa, to ya ga ainihin abin da kalmar take nufi. Babu maganar murya ko akwati a cikin asalinta. Siffar bazuwa daga wuri guda ita ce masana kimiyya suka ara, domin da irin wannan bazuwar ce saƙonnin rediyo suke fita daga eriya.

Da farko ma ba ita kaɗai ce a fage ba. Lokacin da Marconi, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya aika saƙo ba tare da waya ba daga Ingila ya ƙetare Tekun Atilantika a shekarar 1901, Turawan Ingila "wireless" suke cewa, ma'ana marar waya, kuma sun daɗe suna riƙe da wannan suna. Kalmar "radiyotelegaraf" ta sami gindin zama ne a taron ƙasa da ƙasa da aka yi a Balin, babban birnin Jamus, a shekarar 1906, daga baya aka gutsure ta, musamman a Amurka, ta koma "radio" kawai.

Bambancin da ka lura da shi kuwa gadon mulkin mallaka ne. Bature ɗan Ingila yana furta gaɓar farko kamar "rei", sai kunnen Bakano ya ji "re", alhali Bafaranshe "ra" yake cewa, shi ya sa mutanen Nijar suka ɗauki "radiyo". A ganina babu wanda ya yi kuskure, ko da yake "rediyo" ta fi yawa a rubutu, wataƙila saboda tasirin gidajen watsa labarai irin su Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957.

Inda Hausa ta nuna gwanintarta shi ne wajen rarrabewa: abin da ake saƙalawa a kafaɗa akwatin rediyo ne, inda ake shirya shirye-shirye gidan rediyo ne, na hannun 'yan sanda kuwa aka raɗa masa "oba-oba", daga kalmar Turanci "over" da ake ji suna maimaitawa a ƙarshen kowace magana.