Yaro ya yi ciwon huhu bayan an yi masa rigakafi: shin a hana ƙanensa allurar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ɗana na fari an yi masa allurar rigakafin ciwon huhu sau uku ba fashi, amma yana shekara ɗaya da rabi ciwon ya kwantar da shi har sai da aka sa masa iska a asibiti. Allah ya tashi kafaɗunsa. Likita ya ce nau'in ƙwayar da ta kama shi ba ya cikin allurar. Yanzu na haihu, maigidana ya ce ba za a yi wa jaririn ba, wai yaudara ce, kuma ya ji an ce allurar ce take haifar da sababbin nau'o'i. Mene ne hukunci, kuma yaya zan yi da shi?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya raya miki su, 'yar'uwa.

Malaman usulu, wato masana tushen fiƙihu, suna cewa hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar abin, don haka mu fara da ƙwayar kanta. Likitoci suna kiranta nimokokas. Tana zama a hanci da maƙogwaron yara da yawa ba tare da ta cutar da su ba. Idan ta gangara huhu sai ta jawo ciwon huhu, idan ta shiga jini sai ta jawo ciwo mai tsanani, idan kuma ta kai ga rufin ƙwaƙwalwa sai ta zama sanƙarau, wanda yake kisa ko ya bar yaro da kurumta. A ƙididdigar 2015 ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kusan 300,000 a duniya. Kowace ƙwaya tana da ɓawo da ya lulluɓe ta, kuma ɓawon nan ne ya rarraba ta zuwa nau'i fiye da 90. Allurar tana koya wa jiki gane ɓawo ne, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba a koya masa ba, galibi ba zai gane shi ba.

Sai dai nau'o'in nan ba su yi daidai a sharri ba, kuma a nan hukuncin ya rataya. 'Yan kaɗan ne daga cikinsu suke jawo mafi yawan ciwo mai tsanani ga yara. Allurar jarirai ta farko da aka amince da ita a Amurka a 2000 nau'i bakwai ta ƙunsa, babu nau'i na 1 da na 5 a cikinta, alhali su biyun suna ɓarna ƙwarai a Afirka da Asiya. Daga baya aka fitar da mai nau'i 10 da mai nau'i 13 waɗanda suka haɗa da su. A babban gwajin da aka yi a Gambiya da mai nau'i tara, wanda aka wallafa a 2005, mutuwar yaran da aka yi wa allurar ta ragu da kashi 16 cikin ɗari idan an kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe su sa ta cikin rigakafin yara.

Maganar da maigidanki ya ji tana da tushe, amma an murɗe ta. Bayan allura mai nau'i bakwai ta yaɗu a Amurka, nau'in da ake kira 19A ya ƙaru, domin ya sami gurbin da sauran suka bari a hancin yara. Dama yana nan, ba allurar ce ta halitta shi ba, kuma duk da ƙaruwarsa jimillar yaran da suke kamuwa da ciwo mai tsanani ta yi ƙasa sosai. Shi ya sa aka saka shi cikin mai nau'i 13 a 2010.

To, ga hukunci. Allurar halal ce, babu ƙwaya mai rai a cikinta, kuma yin ta ga jariri abin nema ne mai ƙarfi a shari'a. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kowace cuta tana da magani, idan aka dace da maganin cutar sai ta warke da izinin Allah. Ki lura da sharaɗin dacewa. Abin da ya sami ɗanki rashin dacewa ne tsakanin allura da nau'i guda, kuma wannan bai maida ita ƙarya a kan nau'o'in da ta dace da su ba. Game da shan magani tun cuta ba ta sauka ba, hadisin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas a Buhari da Muslim kan dabinon ajwa bakwai da safe don kariya daga guba da sihiri hujja ce, kuma da shi Shehu Ibn Baz ya kafa hujja kan halaccin rigakafi.

Shari'a ba ta taɓa sharɗanta cewa sababi sai ya bayar da tabbas ɗari bisa ɗari ba. Rinjayen zato ya isa. Ranar Uhudu Manzon Allah ya sa sulke biyu, duk da haka an ji masa rauni a fuska, haƙorinsa ya karye. Babu wani sahabi da ya ce sulke yaudara ne. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce abin da ba a samu dukansa ba, ba a barin mafi yawansa. Yaudara tana tabbata ne idan an yi alkawarin kariya daga kowane ciwon huhu. Idan wani ma'aikacin lafiya ya faɗa wa iyaye haka, ya yi kuskure, kuma wajibi ne a gaya musu gaskiya tun farko: ciwon huhu yana da wasu sabubban ma ban da wannan ƙwayar. Irin wannan zuzutawar ce take sa uba ya juya baya ranar da ɗansa ya kwanta, kuma ina ganin alhakinta ba ƙarami ba ne.

Shi kuwa uba, waliyyi ne, amma walicci amana ce da ta rataya da maslahar yaro. Babba yana iya barin magani ga kansa a wasu halaye ya yi haƙuri. Ba shi da wannan zaɓin a kan jaririn da ba ya iya magana. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko cutar tana yaɗuwa, cewa hukuma tana iya tilasta rigakafi, kuma ba a la'akari da ƙin waliyyi idan cutarwa ce bayyananna ga wanda yake ƙarƙashinsa. Idan jaririn yana da sikila, ko ƙanjamau, ko tamowa, ina ganin yin allurar wajibi ne, don haɗarin ƙwayar a kansu ya ninka. Hukumomi su ma suna da nasu farilla: bin diddigin nau'o'in da suke yawo a ƙasarsu, don a zaɓi allurar da ta dace da su.

Kada ki fara da yin ta a ɓoye. Mutumin nan ya ga ɗansa yana neman numfashi, tsoro ne yake magana da bakinsa. Ki karanta masa wannan amsar cikin ladabi, ki roƙe shi ku je wurin likita tare ya yi tambayoyinsa da kansa. In ya ƙi, ki sa mahaifinsa ko malamin da yake jin nauyinsa. Amma kada a ja lokaci, domin a ƙasashe da yawa ana fara ta ne a sati shida, sannan na goma da na goma sha huɗu, kuma watannin farko su ne mafi haɗari. In an makara, ana iya cim mata, ba a cewa ta wuce. Ko an yi allurar, duk yaron da kika ga yana numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko zazzaɓi ya haɗu da sanƙarewar wuya, ki kai shi asibiti a ranar.

Allah ne mafi sani.