Da gaske hoton ƙirji yana shan jini?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana ya kusa wata guda yana tari, ga rama ga zufar dare. A asibiti an ce a ɗauki hoton ƙirjinsa, amma 'yan'uwansa sun hana, wai hasken na'urar yana shan jini, yana kuma rage kwana. Ni kuma ina da juna biyu, ina tsoron raka shi. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba maigida lafiya. Ki lallashe shi ya je, kada a ƙara jinkiri. Hoton ba ya shan jini ko ɗigo.

Eksire, wato hasken da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi, wani irin haske ne da ido ba ya gani, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895. Yana ratsa jiki ya faɗa kan faifan da ke bayan mutum. Ƙashi yana tare shi, shi ya sa yake fitowa fari. Lafiyayyen huhu cike yake da iska, sai ya fito baƙi. In likita ya ga fari-fari ko rami a inda ya kamata a ga baƙi, ya san akwai ruwa, ko ciwon sanyin huhu, ko tarin fuka. Hasken kuma ba ya zama a jiki. Da an kashe na'ura, shi ke nan.

Tsoron 'yan'uwansa yana da tushe, domin hasken in ya yi yawa yana iya ƙara haɗarin ciwon daji. Amma abin da jiki ke sha a hoton ƙirji ɗaya bai wuce wanda kowannenmu ke sha daga ƙasa da iska da sararin sama cikin kwana 10 ba. Inda muke yin taka-tsantsan sosai shi ne hoton CT, wato hoton eksire da ake ɗauka daga kusurwoyi da yawa, wanda haskensa ya ninka wannan sau da dama, musamman ga ƙananan yara.

Abin da ya fi damuna shi ne tarin. Tarin da ya haura mako 2, ga rama da zufar dare, dole a binciki tarin fuka, kuma muddin ba a fara magani ba, ke da yaranku kuna shaƙar iska ɗaya da shi. Hoto kaɗai ba ya yanke hukunci, a haɗa da gwajin majina na GeneXpert. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati a Najeriya, ana shan sa wata 6 ba fashi.

Ki raka shi ba komai, amma ki jira a waje lokacin ɗauka. In ke aka ce a ɗauka, ki faɗa musu kina da ciki tun kafin ki shiga, su duba ko sikanin zai wadatar, tunda shi da sauti yake aiki. Shi kuma ya cire laya, zobe ko duk wani ƙarfe da ke ƙirjinsa, ya ja numfashi ya riƙe in an ce masa. Ku adana hoton, likita zai so gwada shi da na gaba.