Injin folish na DA mai araha: wanne zan saya, kuma ya zan yi ya daɗe?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina da ɗan wurin wankin mota a Kaduna, kwastomomi suna yawan tambaya ko ina yin folish, ina yi amma da hannu, kafaɗa ta gaji kuma motar ba ta fita yadda nake so musamman baƙaƙe. Na ga ana ta maganar wani inji a YouTube wai shi DA, an ce ba ya ƙona fenti. Kuɗina ba su kai na manyan ba. Wanne zan saya, kuma ya ake kula da shi? Akwai yayana a Amurka da ya ce zai iya aiko min da ɗaya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Bari in fara da maganar yayanka tun kafin ya kai ga biyan kuɗi. Kayan wutar Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne, mu kuma tamu 220 zuwa 240 ce, idan ka jona shi kai tsaye zai yi wani irin ihu na 'yan daƙiƙu sai hayaƙi, shikenan koyil ya tafi. Na ga an yi wannan a gabana, sabon inji fil daga kwali, ko fenti bai taɓa ba. Za ka iya haɗa shi da taransifoma mai rage wuta, amma sai babba wadda ta fi ƙarfin injin sosai, ga nauyi ga jan ta duk inda za ka. In da hali a nemo wanda aka yi wa kasuwar Ingila ko Turai ko Dubai, an rubuta 230V a jikinsa. Shi kuma yaya ka ce ya aiko maka da soso da tawul da man folish, nan ne ma taimakonsa zai fi amfani, zan zo kan wannan.

Abu na biyu, ka tabbatar abin da za a miƙo maka DA ɗin ne, wato Dual Action, mai motsi biyu. Idan ka shiga kasuwa ka ce injin folish, abin da yawanci za a ɗauko maka shi ne dogon nan mai kama da injin yankan ƙarfe, mai faranti inci 7, wanda masu fenti suke amfani da shi. Wannan rotari ne, juyawa kawai yake a wuri ɗaya, yana da ƙarfi yana da sauri, kuma a hannun wanda bai saba ba yana cinye fenti a gefen ƙofa ko kan ƙashin bonet kafin ka ce kwabo, ko ya bar maka wani zane-zane mai walƙiya da sai mota ta shiga rana ake gani. Akwai kuma wani mai kama da faifai, hannu biyu, inci 10, yana zuwa da hular yadi, shi ma wasu DA suke ce masa. Wannan man ƙyalli kawai yake shafawa, ba ya cire ko ƙarce ɗaya, kar ka ɓata kuɗinka.

DA na gaskiya motsi biyu yake yi. Motar injin tana kaɗa farantin a ɗan ƙaramin da'ira, kamar yadda mace take tankaɗe, shi kuma farantin yana zaune ne a kan boris, saboda haka wannan kaɗawar ce take sa shi ya riƙa juyawa da kansa. Ba giya ce take tilasta masa juyawa ba. Shi ya sa in ka danne shi da yawa ko ka karkata shi sai juyawar ta tsaya ya koma rawa kawai, kuma wannan tsayawar ita ce take ceton fentin. Gwajinsa a shago ba wuya, ba sai an jona wuta ba: ka sa yatsa ka wulwula farantin, zai juya sakayau ba tare da ka ji giya tana riƙewa ba, kuma za ka ga bai zauna a tsakiya daidai ba, ya ɗan goce gefe. Akwai wani nau'in da giya take tilasta masa irin Flex XC 3401 na Jamus, amma wannan ba kuɗinmu ba ne yau.

Amma dan Allah maganar ba ya ƙona fenti kar ka ɗauke ta kamar aya. Yana da wahala ya ƙona, amma in ka tsaya wuri ɗaya da soso mai kaifi a kan bamba ta roba, wadda ba ta fitar da zafi kamar ƙarfe, za ka ga aiki.

Toh wanne? Lambar da za ka fara dubawa ba wat ba ce, faɗin kaɗawar ce, ana rubuta ta da milimita: 8 ko 9, 15, ko 21. Masu 15 da 21 ɗin kamfanin Rupes na Italiya ne ya shahara da su, sun fi saurin aiki a kan shimfiɗaɗɗen wuri kamar rufi da bonet, kuma yanzu kwaikwayonsu na Chana ya cika intanet da araha. Ni dai ga mai farawa kuma mai ƙaramin aljihu 8 ko 9 nake cewa. Dalili, mai dogon kaɗawa in ba a daidaita nauyin cikinsa da kyau ba girgiza yake kamar injin niƙa, bayan minti 20 yatsunka sun mutu, kuma wannan daidaitawar ita ce abin da masu araha suke kasawa. Sannan da ya hau lanƙwasa sai ya daina juyawa. Shi kuwa mai 8 tsohon zubi ne da aka daɗe ana yi, irin Porter-Cable 7424 wanda asalinsa daga injin goge katako ya fito, da DAS-6 da ya yi suna a Ingila, kusan duk masu arahar nan zubinsu ɗaya suna ne kawai ya bambanta. Yawancinsu zaren notin farantinsu iri ɗaya ne, 5/16, kaga ke nan za ka iya cire faranti inci 5 ka ɗaura inci 3 ka shiga lungun bamba da ginshiƙan ƙofa da inji ɗaya. Mai 21 ba ya yarda da wannan.

Wat kuma daga 600 zuwa 900 ya isa, kar lambar da aka buga a kwali ta ruɗe ka. Idan ya zo da faranti inci 6, ka sayi inci 5 ka canza masa, ƙaramin soso ya fi sauƙin juyawa a inji mara ƙarfi sosai, kuma ya fi araha. Ka duba yana da maɓallin gudu 1 zuwa 6, wayarsa doguwa ce mai laushi, sannan ka leƙa kwali ko an sako burushin kabon (wasu 'yan gutsattsarin gawayi da ke kai wuta cikin injin) na safaya da sifanar kwance faranti. Wanda ake kwance burushinsa daga waje ta wasu 'yan murafu biyu a gefe ya fi sauƙin sha'ani. Kuma ka sa a kunna maka shi a shago, ka riƙe na minti ɗaya a gudu na 5 da faranti kawai, ƙara dole ce, amma in ka ji kamar ana tauna tsakuwa a kansa ka ajiye.

Yanzu ga inda mutane suke faɗuwa. Mutum ya zuba kuɗinsa kaf a inji, sai ya yi mota guda da soso ɗaya tilo wanda ya zo a kwali, in aikin bai yi kyau ba ya ce injin jabu ne. Wallahi sau da yawa ba laifin injin ba ne. Soso yana shan mai da garin fentin da ya kankaro, yana ɗaukar zafi, bayan fanel biyu ko uku ya jiƙe ya yi laushi ya daina yanka, in ka matsa masa tsakiyarsa ta lotsa ko manne na baya ya ɓamɓare. Mota ɗaya tana son aƙalla soso huɗu na yanka da biyu ko uku na gamawa, kana canzawa suna hucewa. Saboda haka in ni ne, kuɗin gida biyu zan raba, rabi inji, rabi soso da mai da tawul na maikurofaiba. Kar ka dogara da kalar soso, kowane kamfani da tsarin kalarsa, ka karanta abin da aka rubuta ka kuma matsa shi da hannu ka ji taurinsa. Mai kuma kwalba biyu sun ishe ka farawa, mai kaifi da mai laushi, irin M105 da M205 na Meguiar's ko Menzerna 400 da 3500. Wancan kampawun mai yashi-yashi na gwangwani da masu fenti suke goge mota da shi da rotari, ka bar musu abinsu.

Ka san me kake gogewa tukuna. Fentin mota na kamfani gaba ɗayansa da ƙyar ya wuce kaurin takarda, wajen maikuron 100 zuwa 150, kiliyar da ke sama kuma, wato shafin nan mara kala mai sheƙi, wajen 40 zuwa 50 ce kawai, kuma folish ba cike ƙarce yake ba, kiliyar da ke kewaye yake ragewa har ta zo daidai da gindin ƙarcen. Duk ƙarcen da farcenka ya maƙale a ciki ya yi zurfi, ka rage masa kaifi kawai ka wuce. Motar da rana ta ci rufinta ya yi fari-fari yana saɓa, wannan kiliya ce ta mutu, ba injin da zai dawo da ita, ka faɗa wa mai ita gaskiya ya je wurin mai fenti kafin ya ce kai ka ɓata masa. In kuma ka ga kalar motar tana fitowa a soso alhali ka san tana da kiliya, tsaya nan take.

Wajen aiki, ka ɗauki alƙalamin maka ka ja layi ɗaya baƙi a bayan farantin. Wannan layin shi ne malaminka. Muddin kana ganin yana zagayawa to kana aiki, in ya tsaya yana karkarwa wuri ɗaya ka danne da yawa ko ka karkace, sassauta ka kwantar da soson. Ɗigo huɗu na mai kamar ƙwayar wake, ka dangwala a wuri kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko shida na faɗin bonet, ka baza a gudu na 1 ko 2, ka ɗaga zuwa 4 ko 5, ka tafi a hankali, tsaye da kwance, sau huɗu ko biyar, ka goge ka haska da tocilan. Soso yana kan fenti ake kunnawa, yana kan fenti ake kashewa, in ka kunna a iska zai watsa maka mai a riga kuma soson na iya tashi ya faɗa ƙasa, wanda ya faɗa ƙasa kuwa ya gama aiki a ranar sai an wanke. Waya ka rataya ta a kafaɗa kar ta riƙa goga ƙofa. Kuma ba a yi a rana, ba a yi a kan bodi mai zafi. Lokacin hunturu ma sai ka samu rumfa mai kariya, don ƙurar da za ta sauka tsakanin wanki da folish ta isa ta mayar da sosonka sanfefa.

Kula da injin kuwa, abin da ke kashe shi a wurinmu ƙura ce da zafi da wuta mara kyau. Duk ranar da ka yi aiki ka hura ramukan iskarsa da bulowa ko kwamfiresa, kuma ka lura kar tafin hannunka ya toshe su kana aiki. In jikinsa ya yi zafin da ba ka iya riƙewa ka ba shi minti 10. Ƙaramin janareton nan da ake ce wa na fi maƙwabcina wajen wat 650 yake bayarwa, bai isa ba, ka nemi babba, haka in wutar NEPA ta zo rabi-rabi ka haƙura, inji yana jan wuta mara ƙarfi yana wahala koyil ne yake dahuwa. Wayar ƙari ma mai kauri, ba siririyar cajin waya ba, kuma tunda wurin wanki ne kar mahaɗinta ya kwanta a ruwa, wannan maganar rai ce.

Ranar da ya fara tartsatsi da yawa ta baya, ko ƙarfinsa ya ragu, ko yana ɗaukewa yana dawowa, kafin ka ce ya mutu abu biyu za ka duba. Na farko burushin kabon, in sun cinye ka canza duka biyun tare, kar ka bari su ƙare ƙurmus su ci amecha, in na safaya sun ƙare ka ɗauki tsohon ka kai wa masu gyaran giranda da diril su nemo mai girmansa. Na biyu wayar, daidai inda ta shiga jikin injin, nan take karyewa ta ciki saboda lanƙwasa, musamman in kana naɗe ta tamau a jikinsa. A yanke ɗan wurin a sake haɗawa ya tashi. Inji nawa aka jefar saboda wannan.

Sai giris. Masu arahar nan da yawa suna zuwa da ɗan giris kaɗan mara kyau a kansu, in ƙararsa ta ƙaru ko kan yana zafi da wuri a kwance sukurorin kan, a kwashe tsohon, a sa mai kyau mai jure zafi, amma kar a cika shi dam don hakan ma zafi yake kawowa. In ba ka saba kwance inji ba ka kai wa mai gyara, kuma in akwai garanti ka bari ya ƙare tukuna. Wajen canza faranti akwai wata 'yar wosha tsakaninsa da injin, ƙarama ce tana saurin ɓata, in babu ita farantin zai riƙa goga jikin injin har ya narke. Kafin kowane aiki ka taɓa ka ji notin a ɗaure yake.

Soso kuma kar ya kwana a jikin inji. Ka cire, ka wanke da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun ruwa tun man bai bushe ba, ka matse ba murɗewa ba, ka kife shi a inuwa gefen mannen yana sama, in ya bushe sarai ka sa a leda.

Kafin ka taɓa motar kwastoma, ka je Panteka ka sayi tsohon bonet ko ƙofa, baƙa in da hali, ka yi sati kana wasa da ita. Ka ma gwada ƙona gefenta da gangan ka ga tsawon lokacin da yake ɗauka da yadda wurin yake canza kala kafin ya huje.