Filin Tambaya da Amsa: Girman Kifayen Teku Masu Farauta da Halinsu a Cikin Tanki

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da tankin ruwan gishiri mai cin lita 200, wanda na zuba wa ƙananan kifaye masu launi guda biyar da jatan lande biyu. Wata takwas da suka wuce na sayo wani ɗan kifi fari mai ɗigo-ɗigon baƙi da ake kira gurufa, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, kuma mai sayarwar ya tabbatar mini cewa kifi ba ya wuce girman tankin da aka sa shi. Yanzu ya kai tsawon tafin hannu, kifayena biyu da jatan landen duka sun ɓace, ko gawarsu ban gani ba. Shin shi ne ya cinye su, kuma a ina girmansa zai tsaya?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, shi ne ya cinye su, kuma rashin ganin gawar ma shaida ce a kansa. Gurufa ba ya yayyaga abin da ya kama. Yakan laɓe ne a bakin kogo, idan ƙaramin kifi ya matso sai ya wangale baki farat ɗaya, ruwa ya kwararo ciki da ƙarfi ya janyo kifin ɗungurungum. Daga siffar da ka bayar, naka shi ne wanda masana ke kira Cromileptes altivelis, ɗan asalin yammacin tekun Fasifik da gabashin tekun Indiya, kuma babbansa yana kaiwa santimita 70. Kifaye ukun da suka rage maka suna raye ne kawai saboda bakinsa bai kai faɗinsu ba tukuna.

Maganar da mai sayarwar ya faɗa maka ita ce ta fi damuna, domin ta hallaka kifaye da yawa a hannun mutanen da ba su da niyyar cutar da su. Kifi yana girma da sauri a shekarunsa na farko, daga nan saurin ya ragu, amma girman ba ya tsayawa cak muddin yana raye. Abin da mutane ke gani su ɗauka cewa kifi ya daidaita kansa da tanki, tsumburewa ce, wadda ƙazantar ruwa da ƙunci da rashin wurin iyo ke haddasawa. Irin wannan kifin yakan zama mai yawan ciwo, kuma ba ya kai shekarun da ya kamata ya kai. Idan kuwa kana kula da ruwanka yadda ya dace, kana kuma ciyar da shi sosai, to zai ci gaba da girma har ya kasa juyawa tsakanin gilashin gaba da na baya.

Saboda haka zaɓi biyu ne a gabanka. Ko dai ka tanadi tanki mai cin lita 1,000 zuwa sama, mai faɗi da koguna da na'urar tace ruwa mai ƙarfi, tunda mai cin nama kashinsa yana cika ruwa da sinadarin amoniya mai cutar da kifi, ko kuma ka nemi wanda yake da irin wannan tankin ka ba shi kifin tun yana ƙarami, domin da wuya a sami mai karɓar babba. Kafin nan, ka raba shi da sauran a yau. Ka gode wa Allah ma da ba ɗan'uwansa Epinephelus lanceolatus aka sayar maka ba, wanda 'ya'yansa ke da kyakkyawan zanen baƙi da rawaya, amma babbansa yana iya kaiwa mita 2.7 da nauyin kilo 400.

Abin da nake roƙonka shi ne kada ka sake shi a teku, idan kana kusa da teku. A 1985 aka fara ganin kifin zaki, wani mafarauci mai ƙayoyin dafi da ake kiwo a tanki, a gaɓar Fulorida ta Amurka, nesa ƙwarai da mahaifarsa, kuma masana sun fi karkata ga cewa daga tankunan gidaje ya fito. Yau ya mamaye tekun Karebiyan yana cinye 'ya'yan kifayen wurin, ba tare da wani abin kirki da ke farautarsa ba.

TAMBAYA: Malam, ina da kifin zaki da kuma kifin tiriga mai manyan ɗigon fari a ƙasan cikinta. Sun shekara biyu tare lafiya lau, amma yanzu tirigar ta fara cizge masa fukafukai. Ni a zatona mai dafi shi ne mafaɗaci. Me ya canza?

AMSA: Malama, abin da ya canza shi ne tirigarki ta girma. Akwai bambanci babba tsakanin kifi mai haɗiya da kifi mai cizo, kuma rashin rarrabe su shi ne tushen yawancin asarar da ake yi a wannan kiwo. Kifin zaki, wato Pterois volitans, mai haɗiya ne. Yana kaiwa kimanin santimita 38, yana iyo a hankali, kuma babu ruwansa da duk abin da ya fi ƙarfin bakinsa. Ƙayoyinsa masu dafi guda 18 ne, 13 a gadon baya, 3 a ƙasa wajen wutsiya, 2 a fukafukan ciki, kuma na kare kai ne, ba ya farauta da su. Ana iya kiyasta haɗarinsa ga maƙwabta ta hanyar duban faɗin bakinsa kawai.

Tiriga ba haka take ba. Wadda kika kwatanta ita ce Balistoides conspicillum, tana kaiwa santimita 50, kuma haƙoranta an halitta su ne don fasa ƙaguwa da dodon koɗi. Sunanta ya samo asali ne daga ƙayar bayanta ta farko, wadda take miƙarwa ta kulle ta da ta biyu idan ta shige rami, kuma ba ta kwantawa sai an danne ta biyun, kamar kunamar bindiga, wadda ake kira trigger da Turanci. Tana ƙarama takan zauna da kowa, har ta saba da mai ita ta riƙa zuwa bakin gilashi idan ta gan shi, wannan ne ma ke sa mutane su sake jiki. Da ta balaga sai ta ɗauki tankin gaba ɗaya a matsayin yankinta, ta riƙa ture duwatsu, tana cizon waya da na'urar ɗumama ruwa, kuma dogayen fukafukan kifin zaki su ne suka fi saurin jan hankalinta. Hali zanen dutse ne a wannan jinsi, ƙarin abinci ko sauya tsarin duwatsu ba ya gyara shi sai na 'yan kwanaki. Ki raba su, kuma ki sa a ranki cewa mai yiwuwa tirigar ta ƙare rayuwarta ita kaɗai a tankinta.

Lokacin da za ki ɗauke kifin zakin, ki kora shi cikin roba mai murfi maimakon raga, domin ƙayoyinsa suna sarƙewa a raga. Idan ya soke ki, ki tsoma wurin a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa ba tare da ƙuna ba, sannan ki je asibiti.

TAMBAYA: Akwai mafaraucin da zai iya zama a matsakaicin tanki har ƙarshen rayuwarsa?

AMSA: Akwai. Ƙaramin kifin zaki, Dendrochirus brachypterus, ba ya wuce santimita 17, kuma yana da duk kyawun babban. Sai kifin nan mai siffar maciji, Echidna nebulosa, wanda yawanci yake tsayawa a wajen santimita 60. Haƙoransa dakusassu ne na fasa ƙaguwa, don haka bai cika damun kifaye ba, amma jatan lande ba ya kwana a gabansa. Idonsa ba shi da ƙarfi, da sansana yake neman abinci, shi ya sa ake miƙa masa da dogon hantsaki maimakon hannu. Dole ne a rufe tankin ruf, domin duk ƙofar da kansa ya shiga jikinsa zai bi.

Dukansu biyu, idan sun girma, ciyarwa sau biyu ko uku a mako ta wadatar, da naman halittun teku iri-iri. A guji ba su ƙananan jajayen kifayen ado na ruwan daɗi, domin jikinsu yana ɗauke da wani sinadari mai lalata bitamin B1, kuma kifin da aka daɗe ana ba shi su yakan rasa kuzari, ya fara iyo a karkace, daga ƙarshe ya daina cin abinci.